Tarkon Gashin Doki a Hatta

'Yata ta kai shekara ɗaya da wata takwas ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Rarrafe kam tana yi, har da gudu, kafin in wanke kofi biyu ta zagaye ɗakinmu na unguwar Abu Hail a Dubai. Amma da zarar na ɗaga ta na dasa ƙafafunta a ƙasa, sai ta lanƙwashe su kamar jiƙaƙƙen tsumma, ta zauna daɓas tana kallona. Sau biyu muna kai ta asibiti. Likitar ta latsa gwiwoyin, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ta daɗe tana yi wa maigidana bayani da Turanci har tana zane a takarda. Da muka shiga mota na tambaye shi me ta ce. Ya ce ba komai, a jira. Duk wannan dogon bayanin da zanen, iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.

Maigidana ɗan gwaggona ne. Tun ina yarinya Yaya nake ce masa, aure bai sauya wannan ba. Shi a Kano ya tashi, ya yi karatu ya zama injiniyan lifta, kamfani ya kawo shi Dubai. Ni a ƙauyenmu na tashi, can wajen Ringim, firamare na gama sai ɗan abin da na samu a Islamiyya. Ya gan ni a wani bikin dangi ya ce yana so, ni ma ban ƙi ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gwaggo, mahaifiyarsa, take kira ta bidiyo. Ba ta gama amsa gaisuwata take cewa a tsayar mata da yarinya ta gani. In tsayar, yarinya ta zube, Gwaggo ta ja tsaki. A wajenta ciwon ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar da aka haifa a sama, hawa na huɗu, tana rarrafe a kan tayil mai santsi, esi yana hura mata ƙashi dare da rana, ba ta taɓa taka ƙasa ba, uwarta kuma kullum tana goye da ita, ina za ta koyi tafiya? Wata Juma'a ta yanke magana. Saura wata biyu Yaya ya ɗauki hutu mu je gida. In muka zo yarinya ba ta tafiya, za a bar mata ita, ta yaye ta, ta riƙe ta.

Na ce to, Gwaggo. Me zan ce? Ƙanwar mahaifina ce, kuma surukata. Yarinyar kuma 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba na faɗa a gaban manya, balle in buɗe baki in ce ina son abata a kusa da ni. Da aka kashe waya na kalli Yaya ko zai ce wani abu. Ya ce ai gata aka yi mini, zan huta.

Innata kaɗai na iya yi wa kuka. Ba ta iya rubutu, saƙon murya muke yi. Washegari ta turo mini wani dogo, ina jin akuya tana kuka a bayanta. Ta ce in share hawayena in nemi makwarwa. Ɗan makwarwa ranar da ya fasa ƙwai ranar yake gudu, ba mai koya masa. A kama ta da rai, a yanka, a dafa ƙafafun a shayar da yarinya romon, ɗan kitsen kuma a shafa mata a gwiwa kwana bakwai. Ta ce haka aka yi wa wani ƙanenta, ga shi nan yanzu shi ke zuwa cin kasuwar ƙauyuka a ƙasa.

Na kunna wa Yaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da yamma ya dawo daga aiki da leda, ya ajiye mini salwa guda shida a daskare, a jere cikin farantin roba kamar 'yan makaranta, ya ce ga makwarwata nan ta kanti. Na gaya wa Inna. Ta ce tsuntsun da aka haifa a keji ya mutu a keji, shi kansa bai taɓa tafiya ba, me zai ba wa yarinya? Ta daji ake nufi.

Mutane ba sa yarda in na ce akwai makwarwa a Dubai. Akwai. Tun watan da na zo nake jin kukanta da sassafe, daga wani fili mai 'yan itatuwa a bayan layinmu. Kukan ba daidai yake da na tamu ta gida ba, ya fi siriri, ya fi sauri, amma wanda ya tashi a bakin gona ba ya kuskure shi. Sai dai wannan filin kamara ta kewaye shi ta ko'ina. Inda na gan su da idona shi ne Hatta, garin duwatsu can wajen iyakar Oman. Mun taɓa zuwa da abokan aikin Yaya da matansu, suna ta ɗaukar hoto a bakin dam, ni kuwa idona yana ƙasan wasu dabinai inda na ga guda biyar sun gifta a guje, wuya a miƙe. Na nuna wa matar da ke kusa da ni, ta ce ita ba ta ga komai ba.

Kama makwarwa kuwa na iya. Babana, Allah ya jiƙansa, da ni yake zuwa gona kafin a haifi ƙannena maza. Bayan girbi yakan roƙi maƙwabcinmu gashin jelar dokinsa, ya zauna a gindin tsamiya yana ƙulla zarge ɗaya bayan ɗaya, ni ina miƙa masa sili. Ya jera su a jikin igiya, ya kafa turke nan da can, ya binne igiyar da ƙasa, zargunan su tsaya a buɗe, sannan ya watsa gero. Makwarwa ba ta son tashi sama, tafiya take tana tsattsaga, haka za ta zura ƙafa. Yakan ce gashin doki ya fi kowane zare, don yana da taurin da zai tsaya a buɗe, kuma yana riƙe ƙafa ba ya yanka ta.

Gero ina da shi, na kunun yarinya da Inna ta aiko. Gashin ne babu.

Ƙofarmu tana kallon ta wata mata 'yar zangon Kumasi da ke aiki a shagon kitso a unguwar Muraqqabat. Ita ce kaɗai nake hira da ita a benen. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Na ce mata ko ta san inda zan sami gashin doki. Ta ƙare mini kallo daga ɗankwali har ƙafa.

"Amarya, kai ma ka shigo gari ke nan? Maigida ya sani? Wane kala kana so, baƙi ko mai ja-ja?"

Na ce na dokin gaske nake nufi, na jela. Ta ce ita tunda take, gashin doki ɗaya ta sani, wanda ake ƙara wa kitso, kuma doki bai taɓa ganinsa ba. Da na yi mata bayanin abin da zan yi da shi sai dariyar ta tsaya. Ta kalli yarinyar da ke rarrafe tsakanin ƙafafunmu. Tana da 'ya'ya biyu a Kumasi wajen uwarta, ƙaramin bai san ta ba sai a waya. Washegari ta kawo mini ƙunshi guda baƙi wuluk a leda, da hoton wata mata tana murmushi a jiki, ta ce in na kama in ɗiba mata romo.

Gashin roba ne, santsi gare shi, ba ya tsayuwa. In na ƙulla zarge sai ya kwanta. Kwana uku ina fama, in Yaya ya fita aiki. A ƙarshe na gane in murɗa sili uku wuri ɗaya, in tsoma a sitacin da nake sa wa rigunansa, in shanya a bayan kujera. Da suka bushe suka tsaya cirko-cirko. Na gwada ɗaya a ɗan yatsana na ja. Ya riƙe, amma ya bar mini jan layi da bai ɓace ba sai da yamma. Na ga wannan layin, na san abin da yake nufi, na ci gaba da ƙullawa. Talatin na yi.

Da na nuna wa Yaya, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce na san ƙasar da nake kuwa? Nan ba Ringim ba ce. Farauta haramun ce a dokarsu, ko tsuntsu ka taɓa sai tara, in abin ya yi muni a soke maka biza, aikin da ya sha wahala ya samu ya tafi a kan kazar daji. Na yi kwana huɗu ba na masa hira, ina girki, ina guga, ina amsa abin da aka tambaye ni kawai. Ranar na biyar ya ce Asabar zai kai mu Hatta yarinya ta sha iska. Abin da zan yi a can shi bai gani ba, bai ji ba. Kuma wayata a wajensa za ta zauna, don ba ya son hoton komai.

Har yau ina tunanin shi ma ba ya son rabuwa da yarinyar. Bai dai iya faɗa wa Gwaggo ba, kamar yadda ban iya ba.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Lokacin sanyi ne. Benaye suka ƙare, rairayi ya fara, fari sannan ja, sannan duwatsu suka taso baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa a jikinsu. Bai bi hanyar dam ba. Ya saki kwalta ya bi wata turba ta tsakuwa har bakin wani busasshen kwari. A ƙetare akwai gonar dabino da katangar dutse, da wata siririyar magudanar siminti da ruwa ke bi, tana yoyo a wuri ɗaya har ƙasa ta jiƙe ciyawa ta fito. Ya tsaya nesa, ƙarƙashin wata ƙaya, ya kwantar da kujera ya ɗauko wayarsa.

Na goya yarinya na gangara. Ban kai wajen yoyon ba na ga sawun makwarwa, yatsu uku gaba, a jere kamar ɗinki, da ɗan gurbin da suke birgima. Murna ta kama ni. Rabon da in san abin da nake yi a ƙasar nan, ba tare da an fassara mini ba, har na manta. Turke ba ya shiga wannan ƙasar, duk dutse ce, sai na ɗaure bakin igiyar biyu a jikin manyan duwatsu, na rufe ta da tsakuwa, na tayar da zargunan ɗaya ɗaya, na watsa geron Inna. Na koma bayan wani dutse mai tsayin ƙugu, na shimfiɗa zani na sauke ta.

Ba ta zauna a zanin ba. Ta rarrafa ta sauka kan tsakuwa, ta dafa, ta ɗaga hannu ta duba tafinta, ta kalle ni. Ta ɗebi ƙasa ta kai baki na ƙwace. Na cire mata safa. Ta dinga murza yatsun ƙafarta a cikin yashi tana wani ƙaramin gurnani. Na ji haushin yadda maganar Gwaggo ta faɗo mini a rai a lokacin.

Mun daɗe. Rana ta hau kan duwatsun, inuwarmu ta fara guduwa. Kurciyoyi suka zo suka ci rabin geron, ban kore su ba don kar in yi motsi, ƙafarsu kuma ba ta shiga. Na ba yarinya nono don ta yi shiru. Sai na ji kukan, kusa, daga cikin dabinai. Suka fito ta wata kafa a katanga, guda shida, ɗaya a gaba tana tsayawa tana leƙe. Sun fi tamu ƙanƙanta, kalar ƙasar wurin, da ɗan ja a maƙogwaro. Suka sha ruwa. Suka bi geron. Ina karanta duk addu'ar da na sani.

Ta ukun ce ta zura. Na ga ta yi tsalle igiya ta dawo da ita, sauran suka watse kamar an watsa tsakuwa, ita tana ta bugun ƙasa da fiffike. Na ajiye yarinya na ruga, na danne ta da mayafina, na kamo fukafukan biyu a hannu ɗaya yadda Baba yake yi. Zuciyarta tana bugawa a tafina kamar za ta fasa ƙirji. Gashin ya nutse cikin ƙafar, jini yana tsattsafowa.

Na juyo in koma, sai na ga 'yata a tsaye.

Ba ta dafa komai ba. Dutsen yana bayanta, da tazara. Ta buɗe ƙafafu, ta miƙo hannu biyu wajen tsuntsuwar, bakinta a buɗe, yawu yana zuba. Gwiwoyin suna rawa amma ba su lanƙwashe ba. Ta yi kamar tsawon a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya. Sannan ta zauna, ta fashe da dariya.

Na waiga wajen mota in kira Yaya. Ƙafafunsa kawai nake hangowa a kan gaban mota. Wayata tana aljihunsa. A daidai nan na ji ƙarar tsakuwa, wata farar a-kori-kura ta ɓullo ta bayan katanga ta tsaya a tsakanina da shi.

Wani tsoho ya fito, Balarabe, da farar jallabiya wadda bakinta ya yi ƙasa-ƙasa, da gemu mai lalle, da 'yar siririyar sanda. Bai yi kama da ɗan sanda ba, ya fi kama da mai gonar. Ya yi sallama na amsa. Ya kalli abin da ke hannuna, ya kalli igiyar, ya kalli yarinya. Sai ga Yaya a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ta sallama tun daga nesa, yana murmushin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Tsohon ya tambaye shi wani abu yana nuna ni da sanda. Yaya yana jin Larabcin wajen aiki, yana haɗawa da Turanci. Ya dafa ƙirji, ya nuna yarinya ya ce, "Binti." Wannan na sani, 'yata. Sannan ya nuna ni, bai kalle ni ba.

"Haddama. Haddama, ma ta'arif."

Ya sake maimaitawa, ya ƙara da wata magana mai tsawo yana juya ɗan yatsa a gefen kansa.

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga igiyar, ya bi zargunan da yatsa, ya ja ɗaya ya gwada. Ya shinshina, ina jin sitacin ya ji. Sai ya yi dariya, ya nuna kansa, ya sauke tafin hannu daidai tsayin yaro, ya yi alamar jelar doki da hannu. Na gane sarai: shi ma ya yi irinsa yana ƙarami. Na gyaɗa masa kai. A duk zamana a ƙasar nan, ɗan ƙasar bai taɓa yi mini magana na fahimta duka ba sai ranar, kuma ba da baki aka yi ta ba.

Ya karɓi makwarwar, ya fito da 'yar wuƙa ya yanke zargen a hankali, ya zare shi daga cikin naman yana girgiza kai. Ya ce wa Yaya "mamnu'u" sau biyu, wato an hana, yana ɗaga yatsa. Sannan ya kalli yarinya, wadda ta rarrafo ta kama bakin zanina tana miƙa hannu. Ya kalli ƙafafunta, ya kalle ni. Ban san me ya gani ba. Ya miƙo mini tsuntsuwar, ya naɗe ta da bakin mayafina da hannunsa, ya ce, "Yalla," yana nuna hanya da haɓa.

Tana hannuna. An ba ni ita. Yaya yana ta godiya, yana murmushi, kuma cikin murmushin nan, ba tare da ya juyo ba, ya ce mini da Hausa:

"Sake ta."

"Yaya, ba ni ita ya yi."

"Akwai masu duba motoci a hanya. Ya ga lambar motata. Sake ta yanzu, yana kallo, kar ki ja mini."

Na tsaya. Da matarsa ce a wurin, wataƙila da ta yi gardama, ta ce yarinyar nan tawa ce kamar yadda take taka. Amma an riga an gaya wa mutumin ko ni wace ce, kuma na ga yadda zai zama in hadima ta tsaya musu da ubangidanta a gaban baƙo. Na durƙusa na buɗe mayafin. Ba ta tashi sama ba. Ta ruga tana ɗingishi, ƙafa ɗaya tana ja, ta shige kafar katanga. Yarinya ta bi ta da ido ta fara kuka.

Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ya koma mota ya ɗauko wani ɗan kwali na dabino, ya wuce Yaya ya ba ni a hannuna, ya ce, "Miskina." Wannan ma ba sai an fassara mini ba.

Sai da muka hau kwalta, duwatsu suka fara komawa baya, na ce masa ta tsaya. Ya ce wa? Na ce yarinya, ta tsaya da ƙafarta ba ta dafa komai ba. Ya leƙa ta a madubi, tana barci a cinyata. Ya ce Allah ya sa, da irin muryar da ake amsa wa mai ba da labarin mafarki.

Muka yi tafiya mai nisa.

"Yaya, me ka ce masa ni ce?"

"Na ce ba ki san doka ba."

"Kafin wannan."

Ya ƙara wa rediyo murya, sannan ya rage.

"Hadima ai da Hausa ma hadima ce," na ce.

Bai musa ba. Ya ce dabara ce. In ya ce matarsa ce, laifin nasa ne, a kan bizarsa nake, sunansa za a rubuta. In kuwa 'yar aiki ce daga ƙauye wadda ba ta san komai ba, sai a yi dariya a wuce, ga shi kuwa an wuce. Ya ce in da na yi karatu da na gane ceton mu ya yi. Na ce na gane. Abin da ban faɗa ba shi ne, kalmar ba ta yi masa wuyar samu ba. Bai yi in'ina ba, bai tsaya nema ba, tana nan kusa da bakinsa. Shi kuma tsohon ya kalle ni, ya kalli Yaya da agogonsa da tabaransa, bai ga abin mamaki ba.

Makonnin da suka rage na yi duk abin da na iya. Na dafa salwar kanti na ba ta romon. Na roƙi maƙwabciyata ta samo mini yashi a bokiti daga inda ake gini, na zuba a faranti ina tsayar da ita a ciki. Na ɗaure tsumma a igiya ina kaɗawa kamar fiffike, wayata a jingine tana ɗauka. Ba ta sake tsayawa ba, ko sau ɗaya. Na gaya wa Gwaggo ta tsaya a Hatta. Ta ce ina hoton? Yaya yana zaune a gefena, bai ɗago ba.

Muka je gida. Kwana biyu da saukarmu Gwaggo ta shafa mini maɗaci a nono, ta ɗauke yarinya zuwa ɗakinta. Da hutu ya ƙare na yi ƙarfin hali, na ce ko zan zauna wata biyu tukuna har ta saba. Gwaggo ta ce shi kuma mijin nawa wa zai dafa masa, wa zai wanke masa? Na kalli Yaya, ya kalli wayarsa. Ranar da za mu tafi aka fita da yarinyar zuwa maƙwabta don kar ta ga fitata. A jirgi rigata ta jiƙe har mayafi.

Ba mu cika sati uku da dawowa ba bidiyo ya shigo wayar Yaya. Tsakar gidan Gwaggo ne, kaza da 'yan tsakinta suna tsattsaga. Ga 'yata a tsaye, ƙafafu a buɗe, hannu biyu a miƙe, baki a buɗe, daidai yadda ta yi a gabana. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ajiye, ta ɗaga ɗayar. Taku huɗu ta yi ta faɗi. Ana ta guɗa. Muryar Gwaggo tana cewa kun gani, ƙasa kawai take nema da hannun da ya iya.

Yaya ya tura wa kowa. Ya yi sujada a kan tayil, ya tashi idonsa da hawaye, ya ce mini kin ga amfanin jin maganar manya. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na tura wa kaina bidiyon, na kalla har na haddace inda kazar take juyawa.

Maganar dawo da ita ba ta sake tasowa ba. Da na taɓo ta sau ɗaya, aka ce a bari ta yi ƙwari, kar a mayar da ita sama ta manta. Yanzu tana gudu, tana magana. Gwaggo take kira Umma. Ranar Juma'a in an miƙa mata waya aka ce ta gaishe ni, takan leƙo ta ce "Anti," ta zame ta koma wajen kajinta.

In abokan Yaya sun zo cin abinci, wani lokaci yakan ba su labarin Hatta, yadda madam ta kusa sa a kore shi daga ƙasa a kan kazar daji, da yadda ya lallaɓa wani tsoho da Larabci. Suna dariya sosai. Kalmar nan ba ta cikin labarin. Ni ina kicin ina jin su, ina jera kofuna a tire.

Dabinon tsohon na ba maƙwabciyata, ban iya cin ko ɗaya ba. Ragowar gashin yana nan a ƙasan akwatina cikin ledarsa, da matar nan mai murmushi. Igiyar kuwa a can na bar ta, da zarge ashirin da tara a buɗe a bakin ruwa, ban tuna da ita ba sai da muka yi nisa. Ina fatan tsohon ya kwashe. In na ji kukan makwarwa da sassafe daga filin bayan layinmu, ita nake fara tunawa, mai ɗingishin, ko ƙafar ta warke. Daga nan sai in tashi in jona abin guga, don ƙarfe bakwai Yaya yake fita.